Waƙa 4 cikin 30: ta ina George Harrison ya girma a Farin Faifan Beatles?

Ɗan uwa tambayarka ta yi min daɗi, don irin ta ce mutum yake yi idan ya zauna ya saurara da kunnensa, ba wai ya ji ana faɗa ya ɗauka ba. Ka ce ka kunna faifan nan tagwaye na Beatles, ƙungiyar mawaƙan nan 4 na Ingila, na 1968, wanda kowa ke ce wa White Album saboda farin bangonsa, ka bi shi tun daga farko har ƙarshe ka ƙirga waƙa 30, ka duba ka ga 4 ne kacal na George Harrison, to ta ina ake cewa wai a nan ne ya zama cikakken marubucin waƙa, ko dai zuzutawa ce kawai irin wadda ake yi wa mutum bayan ƙasa ta rufe idonsa.

Na yi shekaru ina kaɗa jita ina kuma koya wa yara ita, faifan nan kuwa na san shi kamar yunwar cikina, don haka bari in fara da ba ka gaskiyarka. Lissafinka daidai ne, abin ma ya fi yadda ka zata muni. A faifan Revolver na 1966 waƙa 14 ce, 3 nasa ne, kuma tasa ce ma ta buɗe faifan, wato Taxman. Ka ga 3 cikin 14 ai ya haura kashi 20 cikin 100, shi kuwa 4 cikin 30 kashi 13 ne da ɗan ɗoriya. Wato da aka faɗaɗa gonar aka ninka ta, rabon da aka yanka masa raguwa ya yi. Duk wanda ya ce maka faifan ya ba shi fili ya sake to bai ƙirga ba. Faifan garmaho 2 ne, kowanne gaba da baya, gefe 4 kenan, kowane gefe minti 20 da wani abu, sai aka jefa masa waƙa ɗai-ɗai a kowane gefe kamar ana rabon goro. Girman yana cikin irin waƙoƙin da kansu da yadda ya kai su kan tef da ƙarfin tsiya, da kuma waɗanda aka ƙi karɓa, kuma sai an ɗan koma baya kafin a gane hakan.

George shi ne ɗan autan ƙungiyar. An haife shi a Liverpool a Fabrairun 1943, John Lennon ya ba shi shekara 2 da 'yan watanni, Paul McCartney kuma wata 8 kacal. Za ka ce wata 8 ai ba komai ba ne, amma a makaranta Paul yana gaba da shi da aji ɗaya, kuma shi ne ya kawo shi wajen John a 1958 yana ɗan wajen shekara 15, John kuwa kallon yaro yake masa. To ka san halin mutane, wanda ya san ka kana ƙarami ko furfura ka yi yaron nan ne dai a idonsa. Aikinsa shi ne jita, rubuta waƙa kuma na manya biyu ne. Su biyun suna da juna, wannan ya kawo rabin waƙa wancan ya ƙarasa, wannan ya kawo shirme wancan ya yi masa dariya a gyara, kuma duk waƙoƙinsu na koyo sun yi su sun zubar tun kafin duniya ta san da su. Shi George ba abokin rubutu, kuma koyonsa a bainar jama'a ya yi shi, a kan faifan da miliyoyin mutane za su saya, a gefen waƙoƙin mutum biyu da babu kamarsu a zamanin. Furodusansu ma George Martin daga baya ya amsa da bakinsa cewa bai ba shi kulawar da ta kamata ba.

Waƙarsa ta farko da ta hau faifansu ita ce Don't Bother Me a 1963, ya rubuta ta yana kwance ba lafiya a wani otal a Bournemouth, gwaji ne kawai ya ga ko zai iya. Ba yabo ba fallasa, amma ka lura tun daga nan halinsa ya fito, lokacin da sauran ke waƙar zo mu riƙe hannu shi cewa yake a ƙyale shi. A 1965 ya samu 2 a faifan Help! ya samu 2 a faifan Rubber Soul, masu kyau ne musamman If I Needed Someone, sai dai har yanzu ɗalibi ne mai ƙoƙari. Ko Taxman ɗin da na ambata, John ya taya shi wasu layuka, solon jitar da ke cikinta, wato inda jita ke fitowa gaba ta karɓi wurin murya, kuma Paul ne ya kaɗa, a waƙar makaɗin jitar ƙungiyar fa.

Sai Indiya ta shigo. Ya ɗora sita a kan Norwegian Wood ta John a 1965, ya haɗu da Ravi Shankar, shahararren makaɗin sita na Indiya, a 1966, ya tafi Indiya ya zauna makonni yana koyo a hannunsa kamar kowane almajiri. Mu da muka taso da finafinan Indiya kunnenmu ya saba da wannan sautin, sita da tabla ba baƙinmu ba ne, amma ga yaron Ingila na lokacin wata duniya ce daban. Abin da ya koyo a can ya fi ƙarfin kayan kiɗa. Kiɗan gargajiyar Indiya ba ya yawan sauya kod, wato haɗin sautuka da ake kaɗawa tare, irin na Turawa, sauti ɗaya ne yake zaune daram a ƙasa, murya ko tsirkiya ta yi ta zagaye shi tana lanƙwasa tana jan sauti daga wannan zuwa wancan ba tare da ta yanke ba. Ya koyi haƙuri da sauti ɗaya, ya koyi cewa jan tsirkiya a hankali yana iya faɗar abin da gudun yatsu ba zai faɗa ba.

Amma ni a ganina shekarun nan tarko ne a gare shi. Love You To a 1966, Within You Without You a 1967, The Inner Light wadda aka ɗauki kiɗanta a Bombay a Janairun 1968, duk aiki ne na gaske, amma sun mai da shi ɗan Indiyan ƙungiya, an ba shi lungunsa can gefe, ya yi abinsa da makaɗan waje a saka masa a faifai a wuce. A Within You Without You babu ko ɗaya daga cikin sauran ukun da ya kaɗa komai. Kuma a lokacin kusan ya ajiye jita, da hamoniyam da ogan yake rubutu. Ga kuma wa'azi, waƙoƙin nan suna nuna mutane da yatsa, su ba su gane ba, su sun ɓata, shi da ya gane yana faɗa musu. Saurayi ɗan shekara 24 da ya samu sabon ilimi ai ka san yadda yake.

A tsakiyar 1968 ya zauna ya yi wa kansa hisabi, ya gane cewa ko zai shekara nawa ba zai kamo waɗanda suka tashi da sita tun suna yara ba, Shankar ɗin ma ya ƙarfafa masa gwiwa ya nemi tushensa. Sai ya dawo kan jita. Wannan dawowar ita ce amsar tambayarka, don ya dawo da kunnen da Indiya ta gyara masa, ya zuba shi cikin kiɗan rok ɗin da ya tashi a ciki, kuma farin faifan nan shi ne wuri na farko da ka ji abin ya haɗu.

Akwai kuma maganar kuɗi da mutane ke tsallakewa. Har zuwa lokacin waƙoƙinsa suna ƙarƙashin kamfanin Northern Songs ne, inda John da Paul ke da babban hannun jari shi kuwa nasa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, wato in ya rubuta waƙa har su ma suna cin riba a kanta ta wannan hanyar. Haushin haka ne ya sa ya yi Only a Northern Song, wadda aka ƙi sakawa a faifansu Sgt. Pepper na 1967. A 1968 kwantiraginsa ya ƙare bai sabunta ba, waƙoƙin nan 4 a ƙarƙashin kamfaninsa Harrisongs suka fito. Mutum da gonarsa da mutum mai ƙwadago ba sa riƙe fartanya iri ɗaya.

Yanzu ka dubi gidan da aka yi aikin. Manajansu Brian Epstein ya mutu a Agustan 1967, babu mai tsawatarwa. A Fabrairun 1968 suka tafi Rishikesh wajen Maharishi Mahesh Yogi koyon nutsuwa, George ne kan gaba a tafiyar, Ringo Starr mai gangarsu ya dawo bayan kwana 10 ko makamancin haka, Paul ya yi kamar wata ɗaya, John da George suka baro a Afrilu ba a rabu da malamin da daɗi ba. Amma sun dawo da waƙoƙi jibgi, a ƙarshen Mayu suka taru a gidan George a Esher suka ɗauki gwajinsu a tef, sannan aka shiga situdiyon EMI da ke Abbey Road daga ƙarshen Mayu har tsakiyar Oktoba. Zaman doya da manja aka yi, John ga masoyiyarsa Yoko Ono a gefensa kullum a cikin situdiyo abin da ba a saba ba, injiniyansu Geoff Emerick ya gaji da rigima ya ajiye aikin a Yuli, Ringo ya yi fushi ya tafi a Agusta har sai da Paul ya kaɗa ganga a Back in the U.S.S.R. da Dear Prudence, sau da yawa wannan yana wannan ɗaki wancan yana wancan, kowa tasa ta fisshe shi. George Martin ma so ya yi a tace a fitar da faifai ɗaya mai ƙarfi suka ƙi. A lokacin ne kuma wajen ɗaukar Hey Jude George ya so ya riƙa amsa kowane layi da jita Paul ya ce a'a. Paul ne da gaskiya a kan waƙar in ka tambaye ni, amma ka ga dai matsayin da George yake.

To While My Guitar Gently Weeps. Yana gidan iyayensa a Warrington, kansa cike da tunanin littafin nan na Sinawa I Ching da ke cewa babu abin da ke faruwa kara zube, sai ya ce bari ya gwada, ya zaro littafi daga kanta ya buɗe ko'ina, kalmomin da idonsa ya fara sauka a kai da su zai gina waƙa, su ne kalmomi biyun ƙarshe na sunan waƙar. A 25 ga Yuli ya ɗauke ta da jitar katako, da ɗan sauti irin na ogan a ƙarshe, wannan ɗaukar ba ta fito ba sai a 1996 a Anthology 3, wani tarin tsofaffin ɗaukar Beatles, ka neme ta don Allah, har da wani baiti da ya cire daga baya. Da ya kawo wa ƙungiya sai suka yi mata riƙon sakainar kashi, aka kaɗa ba rai, aka sake, shi da kansa ya ɓata dare guda yana neman solo ta hanyar juya tef baya bai samu abin da yake so ba.

Sai ya yi abin da ba a taɓa yi ba. Ranar 6 ga Satumba suna cikin mota da abokinsa Eric Clapton, shahararren makaɗin jita, George ya ce masa ya zo ya kaɗa masa solo. Clapton ya ɗan noƙe, don babu wani makaɗin jita na waje da ke hawa faifan Beatles, George ya nuna masa ai waƙarsa ce shi ke da iko da ita. Da baƙo ya shigo sai kowa ya gyara zama, ka san ko masu gida suna cikin faɗa in aka yi sallama shiru ake yi a saki fuska, Paul ya kawo buɗewar fiyanon nan mai kyau da bes mai nauyi, kowa ya yi aiki. Clapton ya kaɗa da wata jar Gibson Les Paul da shi ne ma ya ba George kyautarta, wadda George ya raɗa wa suna Lucy, aka kuma ɗan karkaɗa sautin wajen haɗawa don kada ya fita daga kamannin Beatles, kuma ba a rubuta sunansa a faifan ba. Wasu na cewa ai wannan gazawa ce, makaɗin jita ya ɗauko wani ya yi masa solo. Ni akasin haka nake gani, ranar ce ya daina tunani irin na makaɗi mai neman a ji yatsunsa ya koma tunani irin na mai waƙa, wanda damuwarsa abin da waƙar ke buƙata ko daga hannun wa zai fito. Kuma dabarar ta zauna masa, a Janairun 1969 da rigima ta sake tashi Billy Preston mai kaɗa fiyano da ogan ya jawo musu, aka sake samun irin wannan natsuwar.

In kana taɓa jita ka gwada ginin waƙar ka ji. Baitin yana kan A maino, bes yana gangarowa taki ɗai-ɗai, A, G, F shaf, F, kamar mai saukowa daga bene da kaya a ka, sai a tsakiya ba zato ta juye zuwa A mejo, muryarsa ta hau sama, haske ya shigo, amma kalmomin da ke wurin sun fi na baya ɗaci, yana mamakin yadda aka karkatar da mutane aka saye su aka sayar. Tushen bai motsa ba, A ce a nan A ce a can, launin ne kawai ya sauya, to wannan zama a kan tushe ɗaya ni Indiya nake ji a ciki duk da babu sita ko ɗaya. Kuma har yanzu yana kallon duniya yana ganin laifinta, amma yatsan nan na nuni ya sauka, baƙin ciki ya maye gurbinsa, har da kallon dandamalin ɗaki da ke buƙatar shara.

Piggies ba zan ɓata maka lokaci a kanta ba, ita ce mafi rauni a cikin huɗun. Habaici ne ga masu kuɗi da haɗama, an yi mata ado da hapsikod, wani kakan fiyano, wanda Chris Thomas mataimakin furodusa ya kaɗa, mahaifiyarsa ta ba shi layi ɗaya John ma ya ba shi ɗaya. Akwai ban dariya amma tsohon George ne mai nuni da yatsa, kuma ta yi rashin sa'a Charles Manson, shugaban wani gungun makasa a Amurka, da mutanensa suka murɗe ma'anarta a kashe-kashen da suka yi a 1969. Savoy Truffle kuma tsokanar Clapton ce saboda son cakulan da ciwon haƙori, yawancin sunayen alewar daga murfin kwalin Good News na kamfanin Mackintosh ya kwaso su. Abin lura a nan shi ne mutumin da aka sani da ɗaure fuska ya iya wasa, kuma ya san sautin da yake so, masu busa saksofon 6 aka kawo suka busa tsaf, shi kuma ya sa aka dagula sautin da gangan ya yi kaushi. Wannan kunnen furodusa ne, ba mamaki don a shekarar yana aikin faifan wani mawaƙi Jackie Lomax, wanda George ya ba waƙarsa Sour Milk Sea, kuma faifansa na kansa Wonderwall Music ya fito a farkon Nuwamba, makonni 3 kafin farin faifan da ya fito ranar 22 ga wata.

Wadda nake so ka koma wa ita ce Long, Long, Long, ƙarshen gefe na 3. Na tabbata ta wuce ka, kowa ma tana wuce shi da farko, ni kaina a wani tsohon kaset da aka kwafa aka sake kwafa na fara jin faifan, na yi shekaru ina zaton tef ɗin ne ya lalace a wurin. An ajiye ta ne daf da bayan Helter Skelter, waƙar da ta fi kowacce hayaniya a faifan, kunnenka na ƙara sai ga wani abu can ƙasa-ƙasa kamar mai magana da kansa da tsakar dare. Su 3 ne suka yi ta a Oktoba, John bai zo ba, kamar yadda babu shi a Savoy Truffle. George ya faɗa da kansa cewa kod ɗin daga Sad Eyed Lady of the Lowlands ta Bob Dylan ya samo su, wadda ita ma a faifai tagwaye take, Blonde on Blonde na 1966, ta cinye gefe guda ita kaɗai.

In ka ji ta sama-sama waƙar soyayya ce, wani ya daɗe da rasa wani ya yi ta nema ya zubar da hawaye ya same shi. Amma ya bayyana cewa da Ubangiji yake, bisa abin da shi ya yi imani da shi. Yin magana da harshen masoya alhali ana nufin abin da ya fi haka ba baƙon salo ba ne ga wanda ya saba da waƙoƙin sufaye, duk da aƙidar ba ɗaya ba ce. Ka ajiye ta kusa da Within You Without You ka ji tazarar shekara ɗaya da rabi. A can malami ne a kan buzu yana karantar da jama'a, a nan kuwa babu jama'a babu darasi, mutum ne shi kaɗai yana faɗar rashinsa da samunsa, murya har tana rawa. Ɗan jan tsirkiyar da jitar ke maimaitawa tsakanin layuka hannun mai sita ne sak, gangar Ringo kuma tana faɗowa da ƙarfi cikin shirun kamar bugun zuciya. Duk abin da ya yi suna da shi daga baya, My Sweet Lord da ire-irenta, irinsa a nan aka shuka. A ƙarshenta za ka ji wani kaɗawa mai ban tsoro, kwalbar giya ce aka ajiye a kan sifikar ogan, da Paul ya danna wani sauti sai ta kama rawa, suka ji ya yi daɗi suka bar shi, George ya bi shi da wani irin kuka Ringo ya rufe da ganga.

Sannan ga wadda ba ka ji ba don ba ta ciki. Not Guilty, a Agusta suka yi ta ɗauka har aka haura sau 100, kuma abin da take faɗa shi ne kada a ɗora masa laifin tafiyar Indiya da rikicin da ke cikin ƙungiyar, wato kai tsaye da John da Paul yake. Da aka zo jera waƙoƙi a tsakiyar Oktoba, John da Paul da George Martin suka kwana suna yi, shi ya riga ya tafi Amurka, aka ajiye ta gefe. Faifan da ya samu wurin Revolution 9 mai sama da minti 8 na haɗe-haɗen ƙararraki, da Wild Honey Pie da ba ta kai ko minti ɗaya da rabi ba ta wasa, bai samu wurin wannan ba. Don adalci shi ma George da hannunsa a Revolution 9, kuma Not Guilty tana da wuyar kaɗawa, awonta yana sauyawa, ba su taɓa kama ta yadda ya kamata ba. Sai a 1979 ya sake ta a faifansa. Circles da ya gwada musu a Esher ita kuma sai 1982.

Kuma a cikin wannan zaman ne dai, wata rana ya samu ɗakin situdiyo ba kowa ya zauna kan fiyano ya fara haɗa Something. Ba ta gama nuna ba aka rufe faifan. Shekara ɗaya bayan nan ta fito a faifan Abbey Road tare da Here Comes the Sun, ta zama waƙarsa ta farko da aka sa a babban gefen ƙaramin faifan Beatles, John da kansa ya ce ita ce ta fi kyau a Abbey Road, Frank Sinatra ya ɗauke ta yana rerawa. Mutane na cewa a 1969 George ya fashe kamar daga sama, alhali tukunyar tun 1968 take kan wuta. Tsakanin nan ya je Woodstock a Amurka a ƙarshen 1968 ya zauna da Dylan da 'yan ƙungiyar The Band, suka ɗauke shi a matsayin tsara har suka rubuta I'd Have You Anytime tare da Dylan, ya dawo gida a Janairu aka ci gaba da yi masa kallon yaro, ranar 10 ga wata tura ta kai bango ya ajiye jita ya fice daga situdiyon Twickenham inda Beatles ke atisaye, ya je gida ya rubuta Wah-Wah a ranar.

Da ƙungiyar ta watse ya fitar da All Things Must Pass a Nuwamban 1970, faifai 3 rigis, ya hau na ɗaya a Ingila da Amurka. Da yawa daga ciki kayan rumbu ne, Isn't It a Pity tun 1966 take ajiye, waƙar da faifan ya ci sunanta kuma sun gwada ta tare a Janairun 1969 ba su ɗauka ba. Ga wani abu da masoyansa ba sa son a faɗa, da rumbun ya ƙare, faifansa na tsakiyar shekarun 1970 hawa da sauka ne, wa'azin ma ya ɗan dawo. Ina zargin matsin nan da ya tsana ya yi masa rana ta wani gefen, wanda ya san kujera ɗaya za a ba shi a kowane gefe dole ya kawo wadda ta fi, kuma ya san su wa za su fara ji.

Don haka ka sake kunnawa amma kada ka bi faifan a jere. Ka fara da Don't Bother Me, ka sa Within You Without You, sai While My Guitar ta jitar katako ta Anthology 3, sai ta faifan, sannan Long, Long, Long a ƙarshe. Ita wannan da daddare za ka ji ta da abin kunne, ka ƙara sauti sosai don an ɗauke ta ƙasa-ƙasa, amma ka yi hattara da gangar Ringo in ta shigo, ta taɓa sa ni zabura na kusa yar da waya.